Filin Tambaya da Amsa: Dasa Betula Mai Farin Ɓawo da Kula da Ita a Lambun Gida

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna ƙasashen sanyi suka zo, kuma duk a kan bishiya ɗaya ce, wato betula, doguwar nan siririya mai farin ɓawo da ƙananan ganye. Idan za a saye ta, a Ingila da Kanada a ce birch, a Jamus Birke, a Faransa bouleau, a Finland koivu. Amma sunan Betula da ke jikin takardar tsiron ya fi muhimmanci, don shi ne zai nuna irin da aka riƙe. Masu kula da filin lambu na mujalla ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun sayi gida mai ɗan fili a baya, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6. Ina son betula, maigida kuma yana tsoron kada saiwarta ta fasa mana gini. Wace iri ta dace? Daga wata uwargida a Manchester, Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron maigida bai kai yadda yake zato ba, amma ba a banza yake ba. Saiwar betula ba ta nutsewa ƙasa sosai, bazuwa take yi kusa da sama, kuma magina a Ingila suna lissafa ta cikin bishiyoyin da ba su cika zuƙe ruwan ƙarƙashin gini ba. Abin da takan ɓata shi ne daɓe, da tayil ɗin tsakar gida, da tsohon bututun ruwa da dama ya riga ya tsage. Ki bar aƙalla mita 5 tsakaninta da bangon gida, mita 2 tsakaninta da katangar maƙwabta, don zaman lafiya.

Matsalar gaske tsawo ne. Betula pendula, wadda ta cika dazuzzukan Turai kuma Finland ta ɗauke ta bishiyar ƙasa a 1988, tana kai mita 20 zuwa 25, tana ƙara rabin mita ko fiye kowace shekara tun tana ƙarama. A fili irin naki ta yi yawa. Ki nemi Betula utilis jacquemontii, 'yar asalin tsaunukan Himalaya, wadda ta fi duk sauran hasken ɓawo, kuma ki zaɓi mai ganga uku ko huɗu da suka fito daga gindi ɗaya, domin irin wannan ba ta yin tsawon mai ganga ɗaya. Akwai kuma irin da ake kira Youngii mai rassa masu zubowa ƙasa, ba ta cika wuce mita 8 ba, sai dai faɗi take yi, tana cinye wurin wasan yara.

Wurin da za a sa ta shi ne rabin aikin. Betula tana son kanta a rana, saiwarta kuwa a ƙasa irin ta gindin randa, mai sanyi da danshi amma ba kwance cikin ruwa ba. Saboda haka gabas ko arewa da gini ya fi, inda inuwa ke sauka a ƙasa da la'asar. Kada a sa ta tsakiyar siminti ko jikin bangon kudu mai ɗaukar zafi. Wasu daga cikin matsalolin da za ki gani a sauran wasiƙun nan daga saɓa wannan suke farawa. Ki kuma sani ba bishiyar jikoki ba ce: shekara 60 zuwa 90 ne yawan ranta, a cikin gari ma ba ta cika kaiwa haka ba.

TAMBAYA: Na dasa guda biyu bara, duka suka bushe kafin Agusta. Ina son in sake. Ku yi mini bayanin dashen daki-daki. Daga wani magidanci a Hamburg, Jamus.

AMSA: Malam, kafin komai ka tone gindin matattun ka duba. Idan ka tarar ƙasa ta haura wuyan bishiyar, zurfi ne ya kashe su. Idan saiwar tana nan a nannaɗe da siffar robar da aka sayo ta ciki, ba ta taɓa kama ƙasa ba, ƙishirwa ce.

Lokacin dashe a Jamus da Ingila daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da ganye ya zube, muddin ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta yi caɓi ba. A Kanada da Sweden sai a jira Afrilu ko Mayu bayan ƙanƙara ta narke. Ka sayi ƙarama, mai tsawon mita 1 zuwa 2. Mutane na son babba don su ga bishiya nan take, amma betula ba ta son a tayar da ita da girma, kuma cikin 'yan shekaru ƙaramar kan kamo babbar ta wuce ta.

Idan mai tsirarar saiwa ce, wadda ake sayarwa ba ƙasa, ka jiƙa ta cikin bokiti kamar awa ɗaya, kada ka bar iska ta busar da ita ko na minti goma. Idan ta roba ce, ka ba ta ruwa ta ƙoshi, ka zare ta, ka warware saiwoyin da suka zagaye da yatsunka. Waɗanda suka ƙi warwaruwa ka yanke su da wuƙa. Saiwar da aka bari a nannaɗe ita ce ke shaƙe bishiya bayan shekara goma.

Ramin ya yi faɗin saiwar sau biyu ko uku, zurfinsa kuwa daidai da ita, ba ƙari. Ka sassoke bangon ramin da shebur idan laka ce, don kada ya yi santsi ya hana saiwa ratsawa. Ka ɗora sanda a bakin ramin ka gwada: wurin da ganga ta fara buɗewa ta zama saiwa ya zo daidai da sandar ko ya ɗan haura. Kada ka zuba taki a ƙasan rami. Yana ruɓewa ya lotsa, bishiyar ta nutse tare da shi. Ƙasar da ka haƙo ita za ka mayar, kana dannawa da ƙafa a hankali, sannan ka kwarara lita 20 zuwa 30 na ruwa ko da sama na yayyafi, don ƙasa ta manne da saiwa.

Turke gajere ake kafawa, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar ba, ta ɓangaren da iska ke fitowa, a ɗaure da roba mai laushi. So ake saiwa ta tsaya cik, kai kuma ya riƙa kaɗawa, don kaɗawar ce ke ƙara wa ganga kauri. Bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a cire. Waya ko igiyar leda da aka manta tana shigewa cikin ɓawo ta yi wa bishiyar zobe. Inda akwai zomaye ko barewa, a sa wa gangar raga.

Daga nan sai abin da aka fi sakaci da shi. Ka cire ciyawa a kewaye, faɗin mita ɗaya aƙalla, domin ciyawar lambu da saiwar betula a bene ɗaya suke neman ruwa, kuma ciyawa ce ke cin nasara. Ka shimfiɗa ɓarzajjen ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ka bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da ganga don kada ta ruɓe. Wannan shimfiɗa tana riƙe danshi, tana sanyaya ƙasa, tana kuma nisanta injin yankan ciyawa daga ɓawon, wanda siriri ne ƙwarai.

Ban ruwa daga Afrilu zuwa Satumba, shekara biyu zuwa uku na farko: bokiti biyu ko uku sau ɗaya a mako, sau biyu idan an yi zafi. A zuba a hankali ya nutse. Yayyafa kofi biyu kullum ba ya kai wa saiwa. Ka tura yatsa cikin ƙasa. Idan akwai danshi, ka jira.

TAMBAYA: Tamu ta kai shekara 15. Rassan can sama sun fara mutuwa, kuma na ga ƙananan ramuka a jikinta masu siffar harafin D. Mene ne wannan? Daga wani ɗan'uwa a Toronto, Kanada.

AMSA: Wannan aikin ƙwaron da masana ke kira Agrilus anxius ne, babban makashin betula a Kanada da Amurka. Siriri ne, tsawonsa kamar santimita 1, launinsa na tagulla. Macen tana saka ƙwai a tsagin ɓawo wajen Yuni da Yuli. Tsutsar ta shiga ƙarƙashin ɓawo tana cin ɗanyen sashen da ke kai abinci tsakanin ganye da saiwa, tana yin hanyoyi a karkace. In ka shafa gangar za ka ji tudu-tudu inda bishiyar ta yi ƙoƙarin rufe hanyoyin. Ramin D ɗin ƙofar fitar balagaggen ƙwaro ce, ma'ana an daɗe ana ɓarna kafin ka gani.

Ka tsaya daga nesa ka auna da ido. Idan abin da ya mutu bai kai kashi ɗaya cikin uku na kan bishiyar ba, akwai fata. Idan ya haura rabi, kuɗin magani asara ne, a sare ta. Feshi daga waje ba ya isa ga tsutsar da ke ciki. Allura ake yi wa ganga, kuma a lardinku na Ontario, inda tun 2009 aka taƙaita amfani da magungunan ƙwari a lambunan gida, sai ma'aikacin bishiya mai lasisi za ka kira. Rassan da suka mutu a yanke su daga Satumba zuwa farkon hunturu, a niƙe su ko a ƙona inda doka ta yarda. Kada a kai icen wani gari.

Sai dai ƙwaron ya fi samun galaba a kan bishiyar da ƙishirwa da zafin ƙasa suka riga suka raunana. Don haka ko an yi allura, in ba a gyara gindin ba zai dawo. Ka faɗaɗa shimfiɗar ɓawo har ƙarƙashin iyakar rassa, ka sa tiyo yana ɗiga a hankali awa biyu zuwa uku sau ɗaya a mako duk lokacin da aka yi fari. Idan kuma sarewa ta kama, kada ka maye gurbinta da pendula ko jacquemontii. Irin Turai da Asiya ba su da kariya daga wannan ƙwaro. Betula papyrifera, 'yar asalin can Kanada da Amurka, ta fi su juriya. Betula nigra, mai ɓawo ruwan kirfa da ke saɓulewa, kusan ba ya taɓa ta, ita ce ma ke jure zafin kudancin Amurka.

TAMBAYA: Na yanke reshe a watan Maris, yau kwana shida ruwa na zuba daga wurin. Na kashe ta ne? In shafa fenti? Daga wani ɗalibi a Glasgow, Scotland.

AMSA: Ba ka kashe ta ba, kuma kada ka shafa komai. A ƙarshen hunturu saiwar betula tana tunkuɗo ruwa sama da ƙarfi kafin ganye ya buɗe, duk inda aka yanka sai ya zuba. Da ganye ya fito zai tsaya da kansa. Fenti da kwalta danshi suke kullewa a ciki, su taimaki ruɓa.

Nan gaba ka yi yankanka daga ƙarshen Yuli zuwa Disamba. Ka rage abin da ya mutu, da wanda ke gogar ɗan'uwansa, da na ƙasa da ke tare hanya, shi ke nan. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa a shekara guda, kuma ka guji yanke reshen da kaurinsa ya wuce santimita 5 in ba dole ba, don icen betula yana saurin ruɓewa kuma ba ta iya killace babban rauni. Reshe mai nauyi sau uku ake sa masa zarto: a fara daga ƙasa, kamar santimita 30 daga ganga, a shiga kashi ɗaya cikin uku, a koma sama, ɗan gaba kaɗan, a yanke ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba. Daga nan ne sabon nama ke rufe ciwon. Gille mata kai don a rage tsawo kuwa, wannan ɓata bishiya ne: ta yi muni, ta fito da tsiraran rassa marasa ƙarfi, ruɓa ta bi ta sama.

Tunda gidan haya ɗalibai suka fi zama, ka nemi izinin mai gida, ka kuma tambayi ƙaramar hukuma. A Birtaniya akwai bishiyoyin da doka ta kare, kuma a unguwannin da aka keɓe don tarihi sai an ba da sanarwar mako shida kafin a taɓa babbar bishiya.

Ruwan nan da ka gani, a Finland da Latvia da Rasha da Ukraine tatsarsa ake yi a sha. Sukarinsa kamar kashi 1 cikin 100 ne, shi ya sa sai an dafa wajen lita 100 kafin a samu lita 1 ta zumarsa. Mai son sha ya sa a firji ya shanye cikin kwana biyu ko uku, bayan haka tsami yake yi ya fara juyewa.

TAMBAYA: Duk motar da aka ajiye ƙarƙashinta sai ta yi danƙo, daga baya ta yi baƙi. Daga wata mai karatu a Brussels, Beljiyam.

AMSA: Darɓa ce, Malama. Ƙananan ƙwari ne ke tsotsar ganye daga ƙasa suna zubo ruwa mai zaƙi, fumfuna baƙa ta hau kansa. Ba ya kashe bishiya, kuma tsuntsaye da wasu ƙwari suna rage su. Ƙaramar bishiya a wanke ganyenta da tiyo mai ƙarfi. Babba kuwa a sauya wa mota wuri daga Mayu zuwa Agusta. A rage takin zamani mai naitirojin, don toho mai taushi suke bi. Idan gangar ta yi kore ko datti, ruwan ɗumi da soso mai laushi sun isa a hunturu. A hana yara ɓare ɓawon: wanda ya saki da kansa babu laifi, amma wanda aka fizge har ɗanyen ciki baƙin tabo yake bari har abada.

TAMBAYA: Ganyen Betula nigra ɗinmu ya yi rawaya tun Yuni, ga shi muna ba ta ruwa. Daga wani ma'aikacin asibiti a Chicago, Amurka.

AMSA: Ka tsinko ganye ka duba da kyau. Idan jijiyoyinsa kore ne shar, tsakaninsu ne ya yi rawaya, kuma sabbin ganyen bakin reshe abin ya fi kamawa, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ba wai babu shi a ƙasar ba. Ƙasar ce ba ta da tsamin da zai sake shi. Betula tana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, wanda ke hawa idan tsami ya ragu, ya tsaya tsakanin 5.0 da 6.5, nigra kuma ta fi kowacce ƙorafi idan ya haura, ga shi ƙasar yankinku da yawanta mai alli ce. Ɓaraguzan siminti da magina suka binne su ma suna jawo haka. Ka kai ƙasa a gwada. Maganin gaggawa shi ne sinadarin ƙarfe nau'in EDDHA, a narka a zuba a gindi farkon fitar ganye. Na dogon zango garin farar wuta ne, a barbaɗa bisa adadin da sakamakon gwajin ya nuna. Yana ɗaukar watanni kafin a ga canji, kuma sai an maimaita.

Idan kuwa ganyen cikin bishiyar ne ke yin rawaya gaba ɗaya yana zubewa a Yuli ko Agusta, ruwan ne bai isa ba, tana rage kaya ne. In ɗigo-ɗigo ne ruwan lemo a bayan ganye wajen ƙarshen zafi, tsatsar ganye ce. A share wanda ya zube a zubar, ba a buƙatar feshi.

TAMBAYA: Ɗana yana atishawa da ƙaiƙayin ido duk Afrilu da Mayu, kwanan nan kuma in ya ci tuffa bakinsa na ƙaiƙayi. In sare betular gidanmu? Daga wata uwa a Umea, Sweden.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya. Alamun sun yi daidai da rashin jituwa da ƙurar furen betula. Iska ce ke ɗaukar mata ƙurar, ba ƙudan zuma ba, shi ya sa take sakinta da yawa. Furotin ɗin da ke cikinta, Bet v 1, yana da 'yan'uwa a ɗanyen tuffa, da ceri, da karas, da seleri, sai jiki ya ɗauke su abu ɗaya. Dafaffen tuffa yawanci ba ya tayar da abin. Sarewa kuwa ba za ta yi wani amfani ba. Garinku tun bayan gobarar 1888 aka jera masa betula a tituna don tare wuta, kuma ƙurar tana tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ki kai shi likita a gwada, a fara magani kafin lokacin ya kama. A rufe tagar ɗakinsa, a daina shanya a waje a makonnin, ya wanke fuska da gashi in ya dawo. Idan leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

TAMBAYA: Garinmu akwai sanyi, har tuffa da dankalin Turawa muna nomawa. Betula za ta yi a nan? Daga wani manomi a Jos, Jihar Filato.

AMSA: Malam, ba mu ba ka shawarar ka sa kuɗinka ba. Jos tana kan tudun mita 1,200, daren hunturu kan sauka wajen digiri 10, amma betular Turai tana buƙatar makonni da yawa a sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin tohonta ya farka daidai. Tuffa ana yi mata dabara, a tsige ganye a tilasta mata fitar da sabon toho. Doguwar bishiya ba za a bi ta da wannan ba kowace shekara. Na biyu, tsawon yini ne ke gaya mata lokacin barci da tashi. A Helsinki, babban birnin Finland, yini yana kai awa 19 a Yuni, ya koma kamar 6 a Disamba. A Jos bambancin shekara duka bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Na uku, daga Nuwamba zuwa Maris ba ruwan sama, iska busasshiya, ga saiwa a sama-sama, ga gara tana jiran icen da ya raunana. Ana ganin betula a lambunan Johannesburg, gaskiya ne, amma can tudun ya kai mita 1,750, garin ya yi nisa da tsakiyar duniya, kuma raɓa tana daskarewa a hunturunsu.

Mai son gwaji don ilimi ya nemi irin Betula alnoides, wadda ke fitowa a kudancin Sin da arewacin Thailand da Vietnam, ya gwada a wuri kamar Mambila mai tudun mita 1,600, bayan ya samu takardar izinin hukumar killace tsirrai ta NAQS. Irin ƙanana ne masu fiffike. A gauraya da yashi mai danshi a leda, a sa a firji mako huɗu, a barbaɗa a saman ƙasa mai laushi, a danna kawai kada a rufe, don sai da haske yake tsirowa. A lulluɓe da farar leda a inuwa mai haske, a riƙa fesa ruwa. Cikin mako biyu zuwa huɗu mai rai zai fito.

In kuwa siffar kake so, marke na nan. Turawa ma betular Afirka suke ce masa saboda ɓawonsa mai haske da ke ɓamɓarewa da rassansa masu sunkuyowa, ko da yake ba dangi ba ne. Yana jure rani, yana ba da asuwaki da ƙaro da itace mai ƙarfi. Irinsa kaɗan ne ke tsirowa, don haka ka shuka da yawa a leda, ko ka ciro 'yan tsiron da suka fito da kansu da ƙasarsu, ka dasa a Yuni ko Yuli da damina ta zauna, ka kewaye da ƙaya saboda awaki. Turare mai farar ganga santsi shi ma yana yi a Filato sosai, amma shi mai zuƙar ruwa ne, ka nisanta shi mita 15 ko fiye daga rijiya da harsashin gini.